Filin Tambaya da Amsa: Giɓi da Ninki a Kuromosom, da Tasirinsu ga Ƙwaƙwalwar Yaro

Wasiƙun wannan fitowa sun taru a kan abu guda. Iyaye ne da malamai da ɗalibai da suka ci karo da takardar gwaji mai lambobi irin su 22q11.2 ko 16p11.2, aka ce musu wani ɗan yankin kuromosom ya ɓace ko ya ninku, suke son a warware musu. A amsoshin za mu kira yankin da ya ɓace giɓi, wanda ya maimaitu kuma ninki.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Likita, 'yata shekararta uku. An yi mata tiyatar zuciya tana jaririya, kuma har yanzu maganarta ta hanci take fitowa. Gwajin jini ya nuna tana da giɓi a 22q11.2. Me wannan lamba take nufi, kuma yaya karatunta zai kasance? Daga wata uwa.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara mata lafiya. Lambar tana nuna wurin da abin ya faru ne. Kusan kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da kuromosom 46, tagwaye 23 ke nan, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. A kansu ne ƙwayoyin gado kusan 20,000 suke jere. Kowane kuromosom yana da gajeren hannu mai alamar p da dogon hannu mai alamar q. To 22q11.2 na nufin kuromosom na 22, dogon hannunsa, yanki na 11.2. A ɗaya daga cikin tagwayen 'yarki wannan yanki babu shi, ɗayan kuwa lafiyarsa ƙalau.

Yankin ƙarami ne, haruffan DNA (sinadarin da aka rubuta bayanan gado da shi) kusan miliyan 3 cikin biliyan 3. Sai dai akwai ƙwayoyin gado sama da 40 a cikinsa. Yawancin ƙwayoyin gado kwafi ɗaya ya ishe su aiki, amma akwai waɗanda jiki ke bukatar abin da kwafi biyun ke sarrafawa cif, da an rage rabi sai aiki ya tawaya. Ɗaya daga cikinsu ita ce TBX1, wadda a makonnin farko na ciki take jagorantar ginin manyan jijiyoyin da ke fita daga zuciya, da rufin baki, da taimus mai horar da ƙwayoyin garkuwar jiki, da faratairod masu daidaita kalsiyam a jini. Shi ya sa waɗannan abubuwa huɗu suke tafiya tare, ko da yake a ido babu abin da ya haɗa su. Wani likitan yara a Filadelfiya ta Amurka, Angelo DiGeorge, shi ya bayyana haɗuwar matsalar taimus da ta faratairod a 1965, shekaru da dama kafin a gano giɓin kansa. Ana samun lalurar a wajen haihuwa ɗaya cikin 3,000 zuwa 6,000.

Game da karatu, matsakaicin makin gwajin basira (IQ) na masu wannan giɓi yana wajen 70 zuwa 75, alhali na jama'a 100 ne. Matsakaici muka ce: akwai na ƙasa da haka, akwai kuma waɗanda makinsu daidai yake da na sauran yara. Abin da aka fi gani shi ne haddar kalmomi da karanta rubutu suna zuwa da sauƙi, lissafi da fahimtar ma'anar abin da aka karanta da tsara aiki mataki-mataki su ne ke ba da wahala. Nan ne ake yawan kuskure. Yarinya tana karatu tiryan-tiryan, sai malami ya ɗauka ta gane, a ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, damuwa ta biyo baya. Saboda haka a auna basirarta kafin shiga makaranta, a kuma sake aunawa duk lokacin da za ta canza matakin karatu.

Ga abin da ya kamata ki tabbatar an duba. Kalsiyam da aikin tairod (gaɓar da ke gaban wuya) a kai a kai, aƙalla sau ɗaya a shekara, domin kalsiyam na iya faɗuwa lokacin zazzaɓi mai tsanani ko tiyata ko balaga, kuma faɗuwarsa na kawo jijjiga da ake iya ɗauka farfaɗiya ce. Ƙwayoyin garkuwar jiki kafin a yi mata rigakafi mai ƙwayar cuta mai rai. Ji da gani, hoton ƙoda, da ƙashin baya yayin da take girma. Maganar hancin kuwa yawanci daga hanɗa ce da ba ta rufe hanyar hanci sosai lokacin magana, sai ƙwararre kan rufin baki ya duba. Kada a yi gaggawar cire mata tsokar bayan hanci, domin cirewar na iya ƙara dagula maganar.

Akwai abin da ba za mu ɓoye miki ba. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu na masu wannan giɓi yana kamuwa da sikizofiriniya, ciwon da ke sa mutum jin muryoyi ko yarda da abin da babu shi, yawanci daga ƙarshen ƙuruciya zuwa farkon girma. Uku cikin huɗu ba sa kamuwa. Amfanin sani tun yanzu shi ne a magance damuwa da rashin barci da wuri, a nisanta ta daga wiwi, a kuma ga likitan ƙwaƙwalwa da zarar karatunta ya ja baya ko ta fara janyewa daga mutane. Ciwon yana jin magani.

TAMBAYA: Likita, wani abu ne matata ta ci ko ta sha da ciki ya jawo wa ɗanmu wannan giɓi? In mun sake haihuwa zai maimaitu? Daga wani magidanci.

AMSA: Malam, ka kwantar da hankalin maiɗakinka. Abin ya riga ya faru tun kafin cikin ya shiga, a cikin ƙwan mace ko maniyyin namiji, kuma daga kowane ɓangare yana iya zuwa. Lokacin da jiki ke ƙera ƙwai ko maniyyi, tagwayen kuromosom suna jeruwa gefe da gefe su yi musayar yankuna. A wasu wurare akwai dogayen jerin haruffa masu kama da juna ƙwarai, ɗaya a gaban yankin ɗaya a bayansa. Wani lokaci jeruwar takan kuskure, kamar mai saka maɓallin riga da ya tsallake rami ɗaya. In musaya ta faru a haka, kuromosom ɗaya ya fito babu yankin, ɗayan ya fito da shi sau biyu. Dalilin ke nan da ya sa ake samun giɓi iri ɗaya, da iyakoki iri ɗaya, a mutanen da ba su haɗa komai ba a ƙasashe daban-daban.

Shekarun uwa ba su da tasiri a nan irin wanda suke da shi a lalurar Down. Aure tsakanin dangi na kusa ma ba shi ke kawo irin wannan giɓi ba, abin da yake ƙarawa shi ne cututtukan da sai yaro ya gaji lalatacciyar ƙwayar gado iri ɗaya daga uwa da uba.

Maimaituwa kuwa sai an gwada jininku ku biyu. In babu mai giɓin a cikinku, kamar yadda yake a kusan kashi 90 cikin ɗari na 22q11.2, haɗarin maimaituwa kaɗan ne, wajen kashi ɗaya cikin ɗari. Bai kai sifili ba domin giɓin na iya ɓuya a wasu ƙwai ko maniyyi ba tare da ya fito a jini ba. In ɗayanku yana ɗauke da shi, kowane ciki rabi da rabi ne. Akwai hali na uku: mahaifi ko mahaifiya da kuromosom ɗinsu biyu suka yi musayar yanki ba tare da an rasa komai ba. Su lafiyarsu ƙalau, amma suna iya haifar mai giɓi ko mai ninki. Ana ganin haka a wajen kashi 10 cikin ɗari na masu giɓin 5p, lalurar da Jérôme Lejeune na Faransa ya bayyana a 1963, wadda jaririnta ke kuka da siririyar murya.

TAMBAYA: Ni ɗalibar koyon aikin jinya ce. Na gane yadda rashi zai cutar, amma me ya sa ƙarin kwafi zai cutar? Kuma ta wace hanya yake taɓa ƙwaƙwalwa?

AMSA: Malama, furotin, wato abin da ƙwayoyin gado ke sarrafawa, da yawansu ba su aiki su kaɗai. Suna haɗuwa da wasu a kan ƙayyadadden kaso, kuma wasunsu aikinsu kunna wasu ƙwayoyin gado ne ko kashe su. Kwafi uku na nufin ƙarin wajen rabi a kan abin da aka saba, wannan ya isa ya ɓata kason. Galibi dai ninki ya fi giɓi sauƙi, shi ya sa aka fi samun ninki da aka gada daga iyaye masu lafiya.

Wurin da ya fi nuna wannan shi ne 16p11.2, yanki mai haruffa kusan 600,000 da ƙwayoyin gado ƙasa da 30. Masu giɓi a nan kansu da ƙwaƙwalwarsu sun fi girma a matsakaici, suna saurin ƙiba, kuma matsalar furta kalmomi ta yi yawa a cikinsu. Masu ninki kansu ya fi ƙanƙanta, jikinsu ya fi rama, haɗarin sikizofiriniya kuma a wurinsu ya fi yawa. Otizim, lalurar da ke wahalar da mu'amala da mutane, da jinkirin koyo suna zuwa a ɓangarorin biyu. A 1q21.1 abin ya juya: giɓi ne ke tafiya da ƙaramin kai, ninki da babba. Ki lura da wannan sosai, domin girman kai yana bin yawan kwafi sama ko ƙasa, amma basira tana raguwa ta kowane ɓangare.

Ginin ƙwaƙwalwa mataki-mataki ne, kuma kowane giɓi da inda yake taɓawa. Da farko ƙwayoyin asali da ke kewaye da kogunan ruwa na tsakiyar ƙwaƙwalwa suna rarrabuwa su haifi ƙwayoyin jijiya, waɗanda a babban mutum sun kai wajen biliyan 86. In suka daina rarrabuwa da wuri ƙwaƙwalwa ta yi ƙanƙanta, in suka zarce ta yi girma. Daga nan, musamman tsakanin wata na uku da na biyar na ciki, sababbin ƙwayoyin suna yin ƙaura zuwa ɓawon ƙwaƙwalwa su jeru hawa shida. Ƙwayar gado LIS1 da ke 17p13.3 tana cikin masu tafiyar da wannan ƙaura. In kwafi ɗaya ya ɓace, ƙwayoyin ba sa isa inda aka nufa, ɓawon ya fito sumul babu lanƙwasoshinsa, mai kauri, hawa huɗu. Abin da ke faruwa ke nan a lalurar Miller-Dieker, mai zuwa da farfaɗiya mai tsanani tun jarirantaka.

Mataki na gaba shi ne ƙulla mahaɗai tsakanin ƙwayoyin jijiya, aikin da ke ci gaba shekaru bayan haihuwa. Furotin SHANK3 ne ke riƙe masu karɓar saƙo a mahaɗa. Giɓin 22q13 yana ɗauke kwafi ɗaya nasa, sai a sami saɓulewar tsoka, magana ta yi jinkiri sosai ko ta ƙi zuwa, otizim ya yawaita, alhali hoton ƙwaƙwalwa na iya fitowa ba wani abin a zo a gani. Hoto mai kyau bai kore matsala ba, domin na'urar ba ta ganin mahaɗa. Wani giɓin ma agogon jiki yake taɓawa: a lalurar Smith-Magenis ta 17p11.2, sinadarin melatonin mai kawo barci yana hawa da rana maimakon dare, yaro ya yi ta gyangyaɗi da rana ya farka tsakar dare. Gyara barcin kaɗai yana rage rigimar da iyaye ke kuka da ita.

TAMBAYA: An sami ninki a 16p11.2 a ɗana, aka gwada ni aka same shi. Ni kuwa na yi karatu, ina aikina. Anya wannan ninki ne dalilin jinkirin yaron? Daga wani uba.

AMSA: Malam, zai iya zama shi ne, tare da wasu abubuwa. Irin waɗannan sauye-sauye ba sa yanka wa mutum makin basira, ja suke yi daga inda sauran gadonsa zai kai shi. Binciken iyalai ya nuna giɓin 16p11.2 yana rage wajen maki 25 in aka gwada yaro da 'yan gidansu marasa giɓin. Wanda gadonsa zai kai shi 120 zai tsaya kusa da 95, ba wanda zai lura. Wanda zai tsaya a 90 zai sauka kusa da 65. Tasirin ninki ya fi wannan bambanta daga mutum zuwa mutum. Wani bincike a ƙasar Aisilan da aka buga a 2014 ya auna manya masu ɗauke da irin waɗannan sauye-sauye da ba a taɓa cewa suna da wata lalura ba, ya tarar a matsakaici makinsu ya ɗan gaza na sauran jama'a, ko da yake suna rayuwarsu yadda kowa ke yi.

Wasu yaran kuma suna da sauyi na biyu a wani wuri dabam, ko an haife su bakwaini, ko farfaɗiya tana cin karatunsu. In jinkirin ɗanka ya fi abin da aka sani ga wannan ninki tsanani, ya dace a faɗaɗa bincike maimakon a tsaya a kan abin da aka fara gani.

TAMBAYA: An yi wa 'yata gwajin kuromosom shekarun baya aka ce lafiya lau, amma har yau ba ta kai sa'o'inta ba. Akwai sauran gwaji? Daga wata mai karatu.

AMSA: Akwai, Malama. Ki duba takardar ki ga wane iri aka yi. Tsohon gwaji, kariyotaif, kallon kuromosom ne ta madubin ƙara girma, kuma ba ya ganin abin da bai kai haruffa miliyan 5 zuwa 10 ba. Giɓin 22q11.2 da na 16p11.2 duk suna iya wuce shi. Gwajin FISH yana ganin ƙaramin giɓi, amma a wurin da likita ya ce a duba kaɗai. Maikuro'are yana auna yawan kwafi a dukan kuromosom lokaci guda. A yara masu jinkirin girma da ba a san dalilinsa ba, yana samo dalili a kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, kariyotaif kuwa wajen kashi 3, in aka cire masu lalurar Down. Tun 2010 masana suka amince a fara da shi. Shi ma da iyakarsa: ba ya ganin musayar da ba a rasa komai a cikinta ba, ba ya ganin canjin harafi ɗaya. Don haka ne ake ƙara karkata ga karanta jerin haruffan ƙwayoyin gado gaba ɗaya.

Sakamako na iya fitowa da cewa an ga sauyi amma ba a san ma'anarsa ba. Kada wannan ya tayar miki da hankali. Kowane ɗan Adam yana ɗauke da giɓi da ninki masu yawa marasa illa. Ƙwayar gadon da ke sarrafa sinadarin narkar da sitaci a yawu, wani yana da kwafi biyu, wani sama da goma. Abin yi shi ne a gwada iyaye, a kuma nemi ɗakin gwajin ya sake duba fassarar bayan shekara biyu ko uku. Ga mai ciki kuma, gwajin jinin uwa tacewa ce kawai, kuma a ƙananan giɓi yana yawan nuna abin da babu shi. Tabbaci sai da samfurin mabiyiya daga wajen mako na 11, ko ruwan da ɗan tayi ke ciki daga mako na 15.

TAMBAYA: Yaya giɓi ɗaya a kuromosom na 15 yake haifar da lalura biyu daban?

AMSA: Ya danganta da wanda aka gada daga gare shi. A 15q11 zuwa q13 wasu ƙwayoyin gado kwafin uba ne kaɗai ke aiki, UBE3A kuwa a ƙwayoyin jijiya kwafin uwa ne kaɗai. In giɓin yana kan na uba, Prader-Willi ke nan, da aka bayyana a 1956: jariri saɓule da ba ya iya tsotso, daga baya yunwa marar ƙoshi, domin sashen ƙwaƙwalwa mai lura da ci ya taɓu. Ana ba su sinadarin girma, ana kuma tsare abinci da gaske. In yana kan na uwa, Angelman ke nan, daga likitan Ingila Harry Angelman a 1965: magana kaɗan ko babu, tangaɗi a tafiya, yawan dariya, farfaɗiya a sama da kashi 80 cikin ɗari. Giɓi ne sanadi a wajen kashi 70 cikin ɗari na kowacce, saboda haka maikuro'are mai kyau bai kore su ba, sai an yi gwajin da ke duba alamar kunnawa da kashewa a kan DNA. Ana kan gwajin magungunan da za su farkar da kwafin uba na UBE3A.

TAMBAYA: Ni malamar firamare ce. Ina da ɗalibi mai lalurar Williams. Bakinsa ya fi na kowa zaƙi, amma ba ya iya kwafar zane ko ƙaramin lissafi. Wasu na cewa lalaci ne.

AMSA: Malama, ba lalaci ba ne, tsarin lalurar ke nan. Giɓi ne a 7q11.23 mai ƙwayoyin gado wajen 26 zuwa 28. Hanyar ƙwaƙwalwa mai gane inda abu yake da yadda sassa ke haɗuwa ta raunana, alhali gane fuska da riƙe abin da aka ji sun fi ƙarfi. Zai iya lissafo miki sassan keke ɗaya bayan ɗaya, ki ce ya zana sai sassan su watse a takarda. Masu ninki a wannan wuri akasin haka suke: magana ce ke jinkiri, suna kuma tsoron baƙi.

Ki bi da shi ta inda yake da ƙarfi. Ki mayar da aikin ido zuwa kalmomi, ya riƙa faɗin matakan da bakinsa yayin da yake yi. Ki rage abin da ke kan shafi, ki ba shi takarda mai manyan layuka, ki rage masa kwafa daga allo. A lissafi ki daɗe a kan abubuwan da zai taɓa ya ƙirga kafin alƙaluma. Ki zaunar da shi nesa da ƙararrawa, domin ƙara tana yi musu zafi a kunne fiye da sauran yara. Ki gwada fahimtarsa da aiki, kada zaƙin baki ya rufe miki ido. Yardarsa da kowa kuma tana bukatar koyarwa ƙarara a kan wanda ake bi da wanda ba a bi.

Ki kuma tuna wa iyayensa abu biyu. Ƙwayar gadon elastin, furotin da ke sa jijiyoyin jini su iya talewa, tana cikin giɓin, don haka babbar jijiyar zuciya na iya tsukewa, sai a riƙa auna hawan jininsa da duba zuciyarsa. Duk wata tiyata ko aikin haƙori da za a sa shi barci, dole mai ba da maganin barcin ya san yana da Williams tun kafin ranar aikin.